Ƙofa Mai Lamba 8080

Maman Lawali mutumin Tsibiri ne, amma cikin Maraɗi yake neman abincinsa. Kullum da safe zai hau tsohon babur ɗinsa ya shigo gari, jaka a baya, cikinta ordinata, wato kwamfuta, mai tsagaggen murfi da wayoyi a cukurkuɗe. Shi ke haɗa wa gidajen siba layi, inda ake biya a shiga intanet, shi ke zuwa in intanet ta ƙi wa wani ɗan kasuwa. Ya iya aikinsa, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Aibinsa ɗaya ne, saurin baki. Kafin ya gama ɗaure waya ya riga ya ce an gama.

Daminar tazarce ce, shekarar 2009, da shugaban ƙasar Nijar ya so zarcewa kan mulki, lokacin da gari ya rabu biyu har mai shayi ya san wanda zai zuba wa da wanda zai ce wa ruwa bai tafasa ba. Rabuwar ta shiga har gidan Hajiya Tsahara. Babban ɗanta, Alhaji Chaibu, mai motocin hatsi da taki, yana bayan masu mulki. Autanta Hafizu, malamin makaranta kuma abokin Lawali tun suna lakwal, wato makarantar boko, yana cikin masu cewa ba za ta saɓu ba. Wata Asabar gardama ta haɗa su a tsakar gida, Hafizu ya dubi yayansa, wanda ya ɗauki nauyin karatunsa, ya zarge shi da sayar da ƙasa don buhun taki. Hajiya ta ce ya durƙusa ya ba yayansa haƙuri. Hafizu ya ɗauki hularsa.

"Auta," in ji ta, "in ka ƙetare zauren nan ba ka ba shi haƙuri ba, ban yafe maka ba."

Ya ƙetare abinsa. A ransa zai dawo da goro ya lallashe ta kamar yadda ya saba. Bayan kwana biyu aka yi zanga-zanga, aka ƙona tayoyi, sunansa ya fito cikin waɗanda ake nema, ya bi ta daji a bayan kabu-kabu sai Kano. Bai cika wata da tafiya ba ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Hajiya wurin alwala. Hannun dama da ƙafa suka mutu, baki ya rufe. Tana ji, tana gani, tana gane kowa sarai, maganar ce dai babu.

To ka ji inda aka shiga uku. Hafizu zai kira, yayarsa Safi, wadda ke jinyar tsohuwar, ta kanga mata salula a kunne, ya yi ta roƙo yana kuka, abin da yake ji numfashi kawai. Safi, don tausayi, ta ce masa ai Inna ta ɗaga kai, ta yafe. Ya yi kwana biyu yana murna, sannan wata gwaggonsu mai baki ta gaya masa gaskiya: ko motsi tsohuwar ba ta yi ba, runtse ido ta yi. Daga ranar ya daina yarda da saƙon kowa. Ita kuma Hajiya, in aka kawo salula sai ta ture da hannun hagu, ta nuna idonta da yatsa. Safi ta gane nufinta. Ba za ta yafe wa wanda ba ya kallonta ba.

Shi ya sa Hafizu ya sayi 'yar kamera a Kano, irin mai haɗuwa da intanet ba waya, ya ba wani direba ya kawo, ya kuma kira abokinsa.

"Lawali, ba ni da kowa sai kai. Ka sa in ga Inna da idona. In ta mutu da wannan magana a kaina na lalace duniya da lahira."

"Haba, wannan ne aiki? Ka ba ni kwana biyu."

Gidan ba-shiga ne, don haka zaure ya zama wurin aikin Lawali. Akwatin intanet ɗin gidan, mai ƙahoni biyu, wanda ake kira ruta, yana falon Alhaji jikin zauren. Safi ta ɗora kamerar kan kabad tana fuskantar gado, shi kuma yana ba ta umarni ta bayan ƙyaure: ɗan karkata hagu, a'a ya yi yawa, yauwa tsaya nan. Alhaji Chaibu ya tsaya a kansa, hannu a baya, ya ce shi fa a gaya masa mi za a yi wa akwatinsa.

"Alhaji, a wajen duniya gidanga duka adireshi ɗaya gare shi," in ji Lawali. "Akwatin nan shi ne mai gadi. In wani na ciki ya yi aike waje, yana sane, in amsa ta taho sai ya kai masa. Amma baƙon da ba wanda ya aika a kira shi, in ya ƙwanƙwasa, korar shi yake, don bai san ɗakin wa zai kai shi ba. To ni zan gaya masa, duk wanda ya buga ƙofa mai lamba 8080, ya wuce da shi ɗakin Hajiya kai tsaye."

"Duk wanda ya buga?"

"Sai mai lambar sirri, Alhaji."

Alhaji ya ce, "Yi. Amma kada in ji sunana a ko'ina." Ya shige mota.

Lawali ya ba kamerar lambarta ta cikin gida wadda ba ta canzawa ko an ɗauke wutar lantarki, 192.168.1.50. Ya shiga cikin rutar ya rubuta ƙa'idar: ƙofar waje 8080, ta faɗa kan wannan lamba. Ya adana, ya kashe akwatin ya kunna. Ya kwafe adireshin gidan na waje a bayan kwalin ashana. Ya san ba a gwada ƙofa daga cikin gida, sai an fita an buga ta waje, don haka ya hau babur ya tafi wata siba kusa da babbar kasuwa, ya buga lambobin. Ga gadon ƙarfe, ga labule mai ruwan ganye, ga Hajiya Tsahara kwance, tar kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Ya buga tebur har mai sibar ya harare shi.

Nan take ya kira Kano. "An gama! Wallahi an gama, ga ta nan ina kallonta. In ba ka ga Hajiya ba ka canza mini suna."

Hafizu ya so ya shiga a ranar, Talata ce. Hajiya ta ƙi. Da aka gaya mata sai ta shafa kanta, ta nuna ƙafarta. Kitso take so, da lalle. Ba za ta bari ɗanta ya gan ta a yamutse ba. Aka sa Juma'a bayan an sauko masallaci.

Ranar Juma'a aka yi mata wanka, aka ɗaura mata atamfar da ta je Makka da ita, aka jingina ta da matasai uku. Lawali na zaure da ordinatarsa, ya sha farar shadda kamar shi ne ango. Ƙarfe uku Hafizu ya kira daga wata siba a Kano.

"Na buga. Yana ta juyawa."

"Ba shi lokaci, layinku ne."

"Ya ce ba a samu shafin ba."

"Karanto mini abin da ka rubuta."

Ya karanto, daidai. Suka sake. Suka cire ɗigo suka mayar, Hafizu ya canza ordinata, ya canza siba ma gaba ɗaya, Lawali ya kashe akwati ya kunna sau huɗu, gumi ya jiƙa shaddar sharkaf. A allonsa yana ganin tsohuwar zaune, ta kafa wa 'yar fitilar kamera ido, ba ta ko ƙiftawa sosai don kada ɗanta ya shigo ta rasa. Har aka kira la'asar. Da Safi ta durƙusa ta gaya mata abin bai yi ba, ba ta yi komi ba, ta dai zame daga matasan a hankali ta juya fuskarta bango.

Lawali bai san yadda ya kai Tsibiri ba ranar. Matarsa ta ajiye tuwo ta ɗauke shi yadda ta ajiye.

Da safe ya nufi Jiratawa. Akwai wani tsohon abokin aikinsa, Gado, da ke kula da na'urorin wani furoje, wato shirin raya karkara, na noman rani, su kuma layinsu ba na gari ba ne, faranti gare su da ke kamo intanet daga sama. An yi ruwa, hanya ta caɓe, sau biyu yana sauka ya tura babur, manoma na tsugune bakin magudanan ruwa suna yi masa sannu. A biron Gado, wato ofishinsa, ya buga lambobin. Shiru. Ya sake. Shiru.

"Mu ga adireshin," in ji Gado. Ya karɓi kwalin ashanan, ya nisanta shi da ido, sannan ya dubi Lawali ta saman tabarau. "Kai, Lawali. Da goma fa ya fara."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da ya shige. Ya sani! Tun shekarar farko ta koyon aiki ya san duk adireshin da ya fara da goma na cikin gida ne, ba ya fita duniya. Idonsa ya bi ta kai sau ashirin bai gani ba, don ya riga ya sa wa ransa an gama. Kamfanin waya ya tara masu layinsa na gari duka bayan wani ƙaton zaure nasa, da nasa mai gadin. Sibar bakin kasuwa da gidan Hajiya duk cikin wannan katanga suke, shi ya sa ya gani. Daga ɗaki zuwa ɗaki ya buga, yana cewa ya fita waje. Ƙofar da ya buɗe tana nan a buɗe, amma mai tahowa daga Kano ba zai ko iso wurinta ba.

"Yanzu mi ne abin yi?"

"Ka fi ni sani. Sai kamfani sun ba gidan adireshin waje nasa na kansa. Ba abin da za ka taɓa a akwatinka ya yi."

Lawali ya leƙa taga ya dubi farantin. Gado ya yi dariya, ba ta mugunta ba. "Kada ma ka fara. An dasa shi cikin siminti, kuma ba nawa ba ne."

"In an kawo Hajiya nan fa?"

"Kan hanyar da ka biyo?"

Ya dai tambayi Safi a salula. Ta ce likita ya hana ko zaunar da ita da yawa, balle mota.

Litinin ya je biron kamfanin, ya tarar da kwaɗo a ƙofa, ana yajin aiki. Talata haka. Laraba aka buɗe, ya yi layi tun safe har rana ta take, ya isa gaban wani ma'aikaci mai cin gyaɗa. Mutumin bai yi masa wulakanci ba, da ma ya yi da ya samu wanda zai zaga. Ya miƙo masa takarda ya ce mai layin ne zai cika da hannunsa, ya rubuta dalilin da yake son a riƙa shigowa gidansa daga waje, ya sa hannu, a aika Yamai.

"Kwana nawa?"

"Malam, ka san halin da ƙasa ke ciki. Ni in ce maka kwana kaza in yi ƙarya?"

"In aka ja sabon layi da wani suna fa?"

"Akwai waɗanda suka nema tun kafin azumin bara."

Ya sami Alhaji Chaibu a sitonsa ana sauke masara. Alhaji ya karanta takardar har ƙasa, ya koma sama, ya ja Lawali gefe bayan buhuna.

"In rubuta mi a wurin dalili? Don ƙanena da jandarmomi ke nema ya riƙa leƙo gidana?"

"Sai a ce don kasuwanci ne, Alhaji."

"A wannan zamani? Takarda ta tafi Yamai da sunana, wani ya zauna ya duba daga ina ake shigowa? Maman Lawali, direba goma sha ɗaya ke ci ƙarƙashina, kowa da iyalinsa. Waɗanda nake tare da su ma ido suke sa mini saboda yaron nan." Ya naɗe takardar, ya warware, muryarsa ta sauka. "Kana tsammani ban son ta yafe masa? Ni na goya shi. Ku bari ƙura ta lafa, in sha Allahu zan sa hannu."

"Hajiya fa ta daina cin abinci."

"Na sani," in ji Alhaji, ya share ido da bakin rawaninsa, ya miƙa masa takardar ba sa hannu.

Tun dawowarsa daga Jiratawa Lawali ya zama abin tausayi. Kullum sai ya zo ya zauna zauren, ya buɗe ordinata, ya canza ƙofar daga 8080 zuwa 80, daga 80 zuwa 443, ya kira Gado ya buga daga Jiratawa, alhali ya san ko ƙofa dubu ya buɗe ba inda za ta kai. Masu siba na nemansa yana kashe salula. Hafizu kuwa kullum da hantsi sai ya shiga siba ya gwada, ya aiko saƙo: har yanzu fari. Lawali ya rasa bakin da zai yi masa bayanin zaure bayan zaure, ya dai ce masa ana kai.

Ranar Alhamis ta mako na biyu, da hantsi, yana zaune kamerar na buɗe a allonsa kamar kullum, don daga cikin gida ba ta taɓa ƙi ba. Kwana shida ke nan Hajiya ba ta karɓi komi ba sai ruwa, fuska na bango. Sai ya ga Safi ta shigo ɗakin da kofin kunu, ta ajiye, ta daɗe tsaye. Sannan ta durƙusa bakin gado. Muryarta ta fito siririya ta cikin ordinatar.

"Inna. Inna, an gyara. Ga Auta can yana kallonki yanzu."

Lawali ya zabura zai yi magana, ya buɗe baki, ya rasa wa zai kira. Ihu zai yi cikin gidan mutane ya ce ƙarya ne?

Tsohuwar ta fara juyowa. Da ƙyar, Safi na tallafa mata, har fuskarta ta fuskanci kabad. Kitson ya tsufa, idanun sun faɗa. Ta kafa wa kamerar ido, ta daɗe, kamar tana ƙare wa ɗanta kallo ta ga ko ya rame. Lawali ya so ya kau da kai, wannan kallo ba nasa ba ne, amma wuyansa ya ƙi. Ta ɗaga hannun hagu, ta ɗora kan ƙirjinta wurin nonon da Auta ya sha, ta ɗago ta buɗe tafin ta miƙa wa kamerar. Ta sake. Ta sake, sau uku. Hawaye na bin gefen fuskar da ya mutu. Ta gyaɗa kai.

Sai a lokacin hankalinsa ya dawo, ya tuna ana ɗaukar hoton allo. Ya daka maɓallin. Abin da ya kama, wata tsohuwa kwance ido rufe, hannu yashe kan zane.

Ya ga ta buɗe baki Safi na ba ta kunu, cokali ɗaya, biyu, har bakwai. Bayan ɗan lokaci ya ji tafiya ta tsaya bayan ƙyaure.

"Malam Lawali, ka gani?"

"Na gani. Safi, mi ya sa kika yi haka?"

"In zuba ido ta mutu da yunwa? Kai ka ce an gama, ba ni ba."

Can ya ce, "Ki roƙe ta ta sake, in ɗauka da kyau in aika masa."

"In ce mata mi? Wanda ta yi ba wanda ya gani sai baƙo a zaure? Wallahi in ta ji haka ba za ta kai gobe ba." Ta ja hanci. "Ka kira shi ka gaya masa. Ni ya daina yarda da ni. Kai abokinsa ne."

Ya fita ƙofar gida, ya tsaya gindin dogon yaro, ya kira Kano. Bugu ɗaya aka ɗauka, ana jin ƙarar janareta a bayansa.

"Ya yi? Yanzu na buga, fari ne."

"Bai yi ba. Hafizu, saurara. Hajiya ta yafe maka. Yanzun nan, da idona na gani. Ta dafa ƙirjinta ta buɗe maka hannu sau uku."



"Ta buɗe wa wa? Ni ina nan ban ga komi ba."

"An ce mata kana kallo."

"Wa ya ce mata?"

"Safi."

Hafizu ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Safi. To. Kai ma sun saka ka ciki ke nan."

"Wallahi tallahi, Hafizu, in rantse maka da Alƙur'ani..."

"Ranar Talatar nan ma wallahi ka ce mini." Ba da faɗa ya faɗa ba, muryarsa ta gaji ne kawai. "Ban ga laifinka ba, Lawali. Na san tausayina kuke ji. Amma kada ka yi mini haka, kai kaɗai ka rage mini. Ka turo hoto in gaskiya ne."

"Na makara. Sai da ta sauke hannun."

"To."

"Ka yarda da ni, don girman Allah."

"Ka buɗe ƙofar kawai, in gani da kaina. Ka ce aikin kwana biyu ne." Ya ja numfashi. "Ina nan siba, na karɓi awa biyu. Ka koma ka sake gwadawa, zan jira."

Lawali ya dubi bakin zauren, ya dubi salular.

"To," in ji shi. "Jira."